Vasemaca, Wadda Ta Ƙi Yarda da Suna Huɗu

Kowace Litinin, kafin jirgin ruwan tsibirin Taveuni ya iso, Vasemaca Tuinona ta riga ta buɗe ɗakin ajiye bayanai na ƙaramin asibitinmu, ta ajiye dafaffen rogonta a gefe, ta kunna kwamfutar da ta fi duk likitocinmu daɗewa a nan. Shekara ashirin da biyu ke nan. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Manya za su yi jawabi, rabinsu ba su san sunanta ba.

Babu wanda ya koya mata. Da kanta ta rubuta wa kwamfutar ɗan umarni: ta bi shafin masu ciwon sukari layi-layi, duk wanda ya wuce wata uku ba a duba shi ba, ta kwafi layinsa zuwa wani shafi. Wannan shafi na biyu shi Sista Salanieta ke ɗauka ta bi ƙauyuka a kwale-kwale.

Nan kowa ɗan'uwan kowa ne, marar lafiya da mai yi masa allura. Makon da muka binne matata Losalini, Salanieta, ɗiyar kawunta, ta kasa jure ganin sunanta cikin masu jiran magani, ta kuma kasa cire gurbinta. Sai ta goge sunan, ta bar layin fanko. Shi kuwa umarnin, an rubuta shi ne ya tsaya inda sunaye suka ƙare. Da ya tarar da fanko, sai ya tsaya.

Litinin ɗin da ta biyo baya, shafi na biyu ya fito da suna huɗu.

"Huɗu kacal!" in ji Salanieta. "Yaya, yau a gida zan ci abincin rana."

"Ke dai raguwa ce kawai," in ji Vasemaca. "Mutanen da ke zuba sukari cokali biyar a shayi ne suka shiryu cikin mako ɗaya? Ina Baba Peniasi? Wannan tsohon bai taɓa kawo kansa ba."

Ta bi babban shafin da yatsa har ta iso fankon. Ƙarƙashinsa akwai mutum talatin da ɗaya da ya kamata a kira. Salanieta ta fashe da kuka, ta ce ita ce ta goge sunan.

"Ajiye kukan, ƙanwata, ya jira ki dawo. Maza nemo mai kwale-kwale."

Kafin su tashi Vasemaca ta gyara umarnin, yanzu yana tsallake fanko ya bi har layin ƙarshe. Ba ta kai ƙarar kowa ba.

An tarar da Peniasi a gonarsa ta gwaza, ya ɗaure gyambon ƙafarsa da ganye, yana tambayar wane munafuki ne ya kai tsegumi. Yatsu biyu aka yanke masa. Likita ya ce da an ƙara wata guda, sai dai daga gwiwa. Har yau bai yi godiya ba, ƙorafinsa takalmi ya yi masa yawa.

Vasemaca, ke ce kika san mu fiye da yadda na'ura za ta taɓa sani, da taurin kanmu da kwaɗayinmu. Ban cika yabon mutane ba, kaɗan ne suka ba ni dalili. Amma kin hana rasuwar Losalini ta jawo wata, kuma wannan ya isa. Na gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ke kuma da za ki gaji kujerarta, duk ranar da shafi ya fito gajere, kada ki yi murna. Ki tambaya wa aka bari a baya.