Yariman da Ya Hana Ni Cin Tuwo a Darrasa

A shekarata ta biyar a Alƙahira na yi kishi da mutumin da bai ma san ina duniya ba. Ba Bamisire ba ne, ba ɗalibi ɗan'uwana ba ne. Ɗan wasan Indiya ne da ke fitowa a talabijin ɗin maƙwabciyarmu kullum bayan la'asar, baka a kafaɗa, gashi a ɗaure a tsakiyar ka. Yanzu ina iya faɗa ina dariya. A lokacin kuwa, ko zancensa aka ɗauko sai abinci ya fita raina.

A unguwar Darrasa muke zaune, hawa na huɗu, ɗaki ɗaya da falo, a wani lungu bayan masu sayar da littattafai. Shekara biyu ke nan da na je gida na yi aure na taho da matata. Ni tun da sassafe nake fita: jami'a, sannan darasin masallaci, sannan wani darasin a gidan wani shehi, ba na shigowa sai ana kiran magariba. Ita tana gida. Ba mu da talabijin, don na ce ɗalibin ilimi ba ya buƙatarsa, kuma na faɗi haka ne da irin muryar wanda ya karanta babin zuhudu jiya-jiya.

Ƙofarmu tana kallon ƙofar wata tsohuwa Bamisiriya, mijinta ya rasu, 'ya'ya sun yi gidajensu, kowa Hajja yake ce mata. Ita ta ja matata jiki. Akwai wata tasha da ke nuna wani dogon wasa da aka ciro daga tsofaffin labaran Hindu, aka juya shi zuwa Larabci, kuma Hajja ba ta son kallo ita kaɗai. Matata 'yar Kano ce, da finafinan Indiya ta tashi, daga jin kiɗa kawai ta san wanda zai ci amana tun bai buɗe baki ba. Hajja kuma tana warware mata Larabcin. Sai tasu ta zo ɗaya.

Labarin ɗan sarki ne da aka hana shi gadon mahaifinsa, aka tura shi daji ya yi shekaru. Matarsa ta ce ƙafarsa ƙafarta, ƙanensa ma ya bi su. Duk na san wannan ne a bakin matata, don kullum in na dawo aka ajiye tuwo, tana zuba miya tana ba ni abin da aka yi a ranar. Da fari har daɗi nake ji. Muryarta ta dawo irin ta lokacin da nake zuwa zance ƙofar gidansu, har da kwaikwayon tafiyar mugayen ciki.

Sannu a hankali kunnena ya fara tsintar wani abu. Yariman nan dai. Bawan Allahn nan, in ji ta, tunda aka fara bai taɓa ɗaga murya ba. Ta faɗi haka ne a ranar da na yi mata faɗa da safe a kan wani littafi da ni da kaina na manto shi a masallaci. Wata rana ta ce in suna tafiya a daji yakan rage sauri don kada ya bar matarsa a baya. Ni kuwa duk ranar da muka shiga kasuwa sai na yi nisa nake waiwayowa in gan ta tana kutsawa cikin mutane. Ba ta taɓa cewa da ni take ba. Ni dai kowace kalma a ƙirjina take sauka, kuma in faɗi gaskiya, zafi nake ji.

Na ce sai na ga wannan mutum da idona. Wata ranar da babu darasin yamma na sayo wa Hajja burodi mai zafi, na tsaya daga bakin ƙofa kamar mai jiran a karɓa, ina leƙen akwatin talabijin ɗin. Ga shi nan. Fuska sumul, murmushi ɗan kaɗan wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, ko albishir aka yi masa ko mummunan labari. Sun sa masa wani haske a bayan kai. In zai yi magana sai an nuno fuskarsa sau uku ana buga ganga. Mutum yana kwana a daji amma ko cizon sauro ɗaya babu a jikinsa, gemu bai tsiro ba, ƙafa ba kaushi. Hajja ta dafe ƙirji tana ya salam, ya salam. Ni kuwa ina tsaye da gumin motar haya, ga tawada a aljihun riga. Na saci kallon matata, na ga ta zuba wa akwatin ido ko ƙiftawa ba ta yi. Na koma ɗaki na buɗe littafi, shafi ɗaya na yi ta maimaitawa har aka kira salla.

Abin kunya na farko da na yi shi ne gwada murmushin. Kwana biyu ina yawo da shi a gida, ina magana a hankali, ina lumshe ido kafin in amsa sallama. A rana ta biyu ta dube ni da tausayi ta tambaya ko haƙorin nan ne ya tashi, ta ɗauko mini kanumfari in danna a wurin. Na karɓa na danna, don ban ga wata mafita ba.

Daga nan na koma ga abin da na iya. Mu ɗaliban Darrasa, ko gardamar wanda zai wanke kwano ce sai an kawo dalili. Na zauna na tattara hujjoji a kan kallon wasan da aka gina a kan abin bautar wasu, na jera su a takarda, na ɗaya, na biyu, na uku, har da martanin abin da za ta iya cewa. Maganar tana da tushe, ban ce babu ba. Amma Allah ya sani ba ita ta tayar da ni ba. Na karanto mata bayan cin abinci, ta saurara kanta a ƙasa har na gama.

“To, Malam,” ta ce. “In ka hana, na bari. Sai dai wata uku ke nan ina ba ka labarin kana ƙarin tuwo. A lokacin hukuncin bai iso ba ne?”

Na ce ai ni ban hana ba, nasiha ce kawai. Na ninke takardar na tura cikin littafi. Washegari da la'asar ta yafa mayafi ta tsallaka gidan Hajja, da magariba kuma aka ba ni labarin yadda yarima ya ɗebo wa matarsa ruwa a ganye.

Ranar Litinin bayan azahar na hau saman bene. Duk wanda ya san Alƙahira ya san saman gidajenta: tsofaffin kujeru, akurkin tantabaru, da farantan dish birjik kowanne ya ɗaga kai gefe ɗaya. Na Hajja ba shi da wuyar ganewa, ɗanta ya ɗaura masa jan ƙyalle. Na duba hagu da dama, na kama shi da hannu biyu, duk ya yi tsatsa, na murɗa. Ya yi ƙara ya juya. Na sauko ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi, mutum mai shekara talatin da ɗaya, mai shirin rubuta kundin digiri na biyu.

Da la'asar na ji Hajja tana bubbuga akwatin tana tsine wa kamfanin da ya ƙera shi. Ɗanta mai gyara mata yana aiki can unguwar Ma'adi, ya ce ba zai samu zuwa ba sai Juma'a. Ranar da magariba muka ci tuwo babu yarima. Na ci na ƙoshi, har na yaba miyar.

Rana ta biyu ma shiru. Na tambayi matata me aka yi yau, ta ce ba komai. Na sake tambaya ta wata hanyar, ta ce ta yi wanki, ta share falo, mai kayan miya bai zo ba. Shi ke nan. Ina jin ƙarar cokali a kwano, ina jin rediyon mutanen ƙasa. Mai hankali da a nan zai gane wani abu. Ni kuwa sai wutar ta ƙara ruruwa: wato saboda shi ne ta yi wannan zugum, kwana biyu kacal ba ta gan shi ba har ta fita hayyacinta. Ni da nake wuni a waje tun safe, an taɓa yi mini irin wannan jimami?

Ranar Laraba na dawo da wuri na same ta a falo tana tsintar shinkafa a tire, a daidai lokacin da ta saba tsallakawa. Bakina ya riga hankalina. Na ce duk wannan zaman makokin don an kwana biyu ba a ga mutumin ba ne?

Ta ajiye tiren ta shiga ɗaki, ta fito da farar jallabiyata, ta shimfiɗa hannun rigar a kan gwiwata. Ga jan tabo nan dogo tun daga wuyan hannu. Ta ce sau biyu ta wanke, tsatsa ba ta fita da sabulu. Ta koma ta zauna ta ɗauki tirenta. Na nemi hujja ko ɗaya a kaina, ta ɗaya ko ta biyu ko ta uku, babu wadda ta zo.

“Malam, kai kaɗai ne kake kallon mutumin nan,” ta ce, idonta a kan shinkafa. “Ni matar nake kallo.”

Ta yi magana a hankali, ba faɗa. Ta ce tunda aka fara wasan, matar nan ta baro gidan ubanta, ta baro gidan mijinta, ta bi shi inda ba ta san kowa ba, kuma kullum in an nuno ta tana murmushi ne, tana tsinkar fure ko tana jera 'ya'yan itace. Ba a taɓa nuna ta ita kaɗai a bukka ba bayan mazan sun fita. Babu wanda ya taɓa tambayarta labarin uwarta, har shi mai haƙurin. To an nuna cewa ranar Litinin mutanen gida za su iso dajin, har da na wajenta. Sati guda matata tana jiran wannan rana.

“So na yi in ga ko za su bar ta ta yi kuka,” ta ce.

Sai a lokacin na tuna. Duk labarin da ta ba ni, a ƙarshensa takan ƙara wata 'yar magana: ita kuwa tana tsaye daga baya, ko yau ma ba ta ce komai ba, ko ban san me take ci ba a wurin nan. Wata uku tana faɗa. A gidajenmu mace mai kunya ba ta zaunar da miji ta ce masa tana kewar gidansu, sai ta bi ta gefe, shi kuma ya gane. Ni da aka tashe ni a cikin wannan, na yi ta tsallake maganar kamar yadda muke tsallake ƙananan rubutun gefen littafi in jarrabawa ta matso.

Washegari na sake hawa saman, wannan karon da sanin kowa. Ina juya farantin, Hajja ta leƙo ta taga tana ba ni umarni, dama kaɗan, hagu, koma, har ta ce, “Bas, khalas, tamam.” Da na sauko ta riƙe hannuna tana sa mini albarka, ta ce samun maƙwabci irina sai an tona, ta cika mini faranti da basbusa, wani kayan zaƙinsu. Matata tana tsaye a gefe, ba ta tona ni ba. Ban taɓa cin abu mai zaƙi da ya tsaya mini a wuya kamar wannan ba.

Ranar da ake jira dai ta wuce, tashar ba ta maimaitawa. Hajja ta buga wa ƙanwarta waya, wadda ita ma take bin wasan, ta saka a lasifika muna ji. Ƙanwar ta ba da labari tiryan-tiryan: yadda 'yan'uwan maza suka rungume juna, yadda aka yi ta nuno fuskar yarima, yadda ita kanta ta jiƙa mayafinta da hawaye. Matata ta haɗa Larabcinta ta tambaya, ita matar yariman fa? Ƙanwar Hajja ta ce wallahi ba ta lura ba, tana jin dai matar tana tsaye daga baya.

Matata ta gyaɗa kai kawai, kamar wadda aka faɗa wa abin da ta riga ta sani.

Da magariba ta ajiye tuwo, ta fara zuba miya. Na daɗe ina juya tambayar a bakina, don ban taɓa yin irinta ba, kuma ina jin nauyinta. Na ce mata, ke fa, kina kewar su Inna?

Ludayin ya tsaya a hannunta.

“Yau shekara biyu da wata uku da kwana tara,” ta ce.

Ban san tana ƙirgawa ba. Ta mayar da ludayin cikin tukunya, ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, ta yi kukanta a gabana karo na farko tunda muka sauka a garin nan. Ni kuwa ina zaune da hannun da na wanke don cin tuwo, na rasa inda zan ajiye shi.