Baba Ummaru Mai Kwalba da Ruwan Jirgi

Ina tsugunne gaban kwalbar awon ruwa, ranar Talata da hantsi, Lawali ɗan kabu-kabu yat tsaya, ko mashin bai kashe ba. Yac ce, "Sanusi, tashi. Baba Ummaru ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai da munka kai ƙofar gidan nil lura mazurarin kwalbar na hannuna.

Ni ba mai karatu ba na, aji huɗu nit tsaya. Wanda yag ga kuskure cikin rubutun ga shi yi haƙuri. Akwai maganar da in ban faɗe ta ba, na ci amanar mamaci.

Ni mutumin garin Isa na. Wata bakwai ke nan da hukumar ruwa tat turo ni Tsamaye in karɓi aikin Baba, wai ya tsufa. Aikin dai kwalba ta da mazurari bisa turke. Kowace safiya ka duba, ka rubuta cikin littafi abin da sama tab bayar. Ni da niz zo raba shi da abincinshi, shi yas share mini ɗakin zaure, yas sa matarshi Inna Hajo ta dama mini fura. Yac ce, "Ɗana, aikin ga ba wuya. Abin da kag gani shi za ka rubuta. Wuyar tana ranar da babu."

Bara ruwa ya ƙi, bana ma haka. An fita roƙon ruwa har sau uku. Ana cikin wanga hali sai ga mota daga Sakkwato da wani babban ma'aikaci, an cika ta da buhunan banza da shebur, wai tallafin tare ambaliya. Baba yad dubi kayan yac ce, "Ranka shi daɗe, gulbin da za mu tare, yara na ƙwallo cikinshi. Ba a musanya muna da iri?" Mutumin yac ce, "Baba, takarda ta riga ta fita. Na ambaliya anka ba mu, ba na fari ba." Har yau ban gane wagga magana ba. Anka jibge buhunan bayan makaranta, suna nan.

Bayan mako biyu mutumin yad dawo da sabon labari. Wai jirgin sama za shi hau, shi watsa gishiri cikin hadari, ruwa shi sauko kafin Juma'a ta zagayo. Yac ce ni za ni shaida ma jama'a. Baba yac ce, "Ni dai a miya nis san gishiri." Anka yi dariya. Da munka koma gida sai yaj ja ni gefe, ba dariya ga fuskarshi. "Ɗana, ka faɗi jirgi in kana so, amma kada ka yanka musu rana. In ka yanka musu rana, binne za su yi."

Kowa nan ya san binne. Ka sa iri cikin busasshiyar ƙasa shi jira sama. In ruwan kirki yaz zo, ka riga kowa. In yayyafi na, irin shi tsiro, rana ta ƙone shi, ka tashi ba gona ba iri. Baba kan ce, "Ga wanda yay yi binne, gara babu da kaɗan."

Ban ji ba. Sabon aiki, sabuwar riga, babba ya kira sunana gaban mutane. Nit tsaya bakin masallaci nic ce gwamnati ta ce kafin Juma'a. Washegari gari ya watse gona. Irin da mutane sunka hana ma ɗiyansu ci tun bara, shi sunka binne. Baba kaɗai bai fita ba, har ana mishi ba'a, "Mai kwalba, ko jirgin bai biya ta gonarka?"

Ran Alhamis hadari ya haɗu, anka yi yayyafi. Jirgi kuwa ban gan shi ba, wasu sun ce sun ji ƙara. Da safe ruwan ko gindin kwalba bai rufe ba. Baba yat tona ƙasa da yatsa, laima ba ta wuce gaɓa guda ba. Kwana huɗu gero ya leƙo kore shar. Kwana goma ya koma kamar an babbake shi.

Nan anka aiko mini daga ofis in rubuta an yi ruwa mai yawa, don a nuna aikin jirgi ya ci. Ku ji ni da kyau: na rubuta. Baba yab buɗe littafin, yad daɗe shina kallo, sannan yac ce, "Rubutunka ya yi kyau." Da mari yay yi mini da ya fi sauƙi. Da anka zo rabon irin agaji, anka tsallake mu, don littafi ya ce mun samu ruwa.

Ranar da labarin yaf fito, mutane sunka taru ƙofar gida suna kiran sunana, wani da sanda. Baba yat tare ƙofar zaure yac ce, "Baƙona na. Wanda ke son shi, shi fara da ni." Sannan yas sa anka fiddo tulun irinshi, wanda bai binne ba, yar riƙa damƙa ma kowa tafi guda. Inna Hajo tac ce, "Malam, mu fa?" Yac ce, "Hajo, ai tulun na da gindi." Sai da anka ga gindin.

Da ruwan gaske yas sauka a makare, kowa ya shuka ɗan abin da yas samu, gonar Baba na kwance. Yat taka har Burkusuma neman iri wajen masu shigowa daga Nijar. Yad dawo da zazzaɓi da ciwon ƙirji, ba iri. Kwana shida yay yi kwance.

Da shebur ɗin tallafin ambaliya anka gina kabarinshi. Shi na aiki na farko da yay yi tun da anka kawo shi.

Jiya na ɗauki littafin na soke abin da nir rubuta, na sa abin da nig gani, na ba direban Sakkwato shi kai ofis. Wataƙila wata mai zuwa wani za ku gani bakin kwalba. In ya zo, ɗakin zaure na nan, ni za ni share mishi.

Allah ka jiƙan Baba Ummaru, ka gafarta mishi, ka sanyaya makwancinshi da ruwan rahamarka wanda ba a yanka ma rana. Allah ka ba Inna Hajo da ɗiyanta haƙuri, ka cika musu tulun da yaz zazzage saboda laifina. Ni kuma, Inna, da mutanen Tsamaye, ku yafe mini. Shi ban samu na roƙe shi ba.