Takardar Hanya a Bayan Yaya Ilu

Damagaram zuwa Tanut

Tun kafin ladan ya yi kiran farko muka ɗaura wa raƙuma kaya, ni da wana Ilu, muka bi ayarin Madugu Agali zuwa Agadas. Zamanin ne Faransawa suka fara zama can. Ni na fita ne don in kwafo babin ciwon ciki daga littafin wani tsohon masani, Malam Alƙasum. Shi kuwa Yaya Ilu shi ne mai cikin, shekara biyu yana murɗa masa. Sai dai mutum ne wanda in ya ga magani, ko na raƙumi ne, sai ya ɗanɗana.

Kwana shida muka kai Tanut, muka ci tuwon gero da miyar kuka. Nan madugu ya ja mana kunne: "Ku ji da kyau. Shiga Agadas ba wuya, amma ba mai fita sai da takardar Nasara. Wanda ba shi da ita, ɗaukar ƙasar ginin bariki za shi yi har damina ta wuce." Gonarmu kuwa ba mai shuka ta sai mu biyu.

Tanut zuwa Agadas

Kwana goma sha biyu, ba abin ci sai hura da cuku. A rijiyar Adarbisanat ruwan ya yi kanwa-kanwa, kowa yana yatsina fuska, Yaya Ilu ya sha ƙwarya uku wai ya ji alamar magani. Ranar ƙarshe da hantsi muka hango hasumiyar masallaci.

Agadas

Malam Alƙasum ya sauke mu a zaurensa. Kwana tara ina kwafa, shi kuma kullum da safe ya rubuta allo, ya wanke, ya haɗa da saiwoyi ya ba Yaya Ilu. Rannan sai ga lokotoron sojan Faransa, wato likitansu, da tafintansa. Ashe ya saba zuwa, Malam na karanta masa sunayen itatuwa yana rubutawa, su yi ta gardama kan abin da ke kawo zazzaɓi, ba mai sakar wa wani. Lokotoro ya latsa cikin Yaya Ilu, ya ba shi wani farin gari mai ɗaci, ya kuma rubuta mana takardar hanya ya buga hatimi. Na ba Yaya Ilu ajiya saboda shi ne babba. Wannan wautar tawa ce, ban ɗora wa kowa ba.

Ƙofar fita

Ranar tashi, bayan azahar, soja ya tare ayari ya miƙo hannu. Na dubi Yaya Ilu, ya dubi sama. Sai a lokacin na lura leɓɓansa sun yi shuɗi.

"Yaya, ina takarda?"

"Na sha."

"Ka sha mi?"

"To rubutun mai magani, ajiye shi ake yi? Na wanke a ƙoƙo. Har hatimin na haɗa, shi ya fi ƙarfi."

Wallahi ban taɓa jin haushin ɗan'uwa irin na ranar ba. Aka kora mu bariki, aka ɗora wa kowa kwandon ƙasa, madugu ya ce ba zai jira mu ya wuce la'asar ba. Allah ya sa Malam Alƙasum ya ji, ya taho da sandarsa ya nemo lokotoro. Da tafinta ya gaya masa, Nasara ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya tambaya yaya cikin.

Yaya Ilu ya ce, "Ya lafa sarai."

Lokotoro ya ce garinsa ne. Malam ya ce saiwoyinsa ne. Yaya Ilu ya ce su yi haƙuri duka, takarda ce. Da lokotoro ya ɗauko wata zai rubuta, Malam ya riƙe masa hannu: "Wannan ma shanye ta zai yi. Rubuta inda harshensa bai kai." Aka tuɓe wa Yaya Ilu riga, aka rubuta a tsakiyar bayansa, aka danna hatimi.

Komawa

Kwana goma sha takwas ban bar shi ya yi wanka ba, ban bar shi ya jingina ba, in ya yi gumi ni ke yi masa fifita. Ko'ina aka tare mu sai ya juya baya ya ɗaga riga. Wani soja a Tanut har ya ƙame ya sara wa bayan.

Mun shiga Damagaram da la'asar, hadarin farko na haɗuwa a gabas. Godiya ta tabbata ga Allah da ya maido mu kan shuka, ina kuma gode wa Malam Alƙasum da madugu. Matar Yaya Ilu, Hajo, ta toshe hanci ta kai masa ruwa bayan ɗaki, ta kama cuɗa masa baya. Ina kwance kaya na jiyo muryarsa:

"Hajo, tara ƙwarya! Kar ki zubar da ruwan nan!"