Butar Malam da rijiyar Kwadon

Har in koma ga Allah ba zan manta da Talatar da aka kusa rufe wa mutane rijiya saboda ni ba. Ban yi boko ba, 'yar'uwarku Hajara ce ke rubuta mini, don ku sababbin masu wankin kwalabe ku ji.

Shekara goma sha ɗaya na yi a ɗakin gwajin ruwan nan, a matsayin lebura mai shara da wanki. Dakta Rifkatu ce shugabarmu, Malam Bappa ne mai gwaji. A lokacin nan Gombe ba lafiya, shingen sojoji ko'ina, daga unguwarmu Hammadu Kafi sai in sauka daga Keke Napep sau uku in ɗaga hannu kafin in iso. Wata biyar ke nan da bam ɗin da ya tashi a tashar mota ya ɗauke mini mijina, Malam Garba. Goro yake sayarwa. Butarsa ta alwala, ta jan ƙarfe, ita kaɗai aka kawo mini gida. Kullum da ita nake zuwa aiki.

Gwajin da Dakta ta kawo sabo ne. Wani ruwan magani ne da ake ɗiga wa ruwan rijiya, a cikinsa akwai abin da suke kira DNA, wato abin da ɗa ke gadon kamannin ubansa da shi. Ta ce zare ne da ido ba ya gani, kuma yana kama jan ƙarfe. A saka kwalba ƙarƙashin wata fitila, in da jan ƙarfe a ruwan sai ya yi ja kamar garwashi. In ya yi yawa a ruwan sha, yana ɓata ciki da hanta, musamman na jarirai.

Doka ɗaya aka ba ni: ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa na cikin jarka, ban da na famfo. Ban taɓa karya ta ba. Amma jarkar tana da nauyi, bayana kuma ya gaji. Sai na riƙa zuba ruwan a butar Malam Garba, bakinta siriri ne, yana shiga wuyan kwalba daidai. Ran wata Alhamis na goge butar ciki da waje da tsamiya da toka, yadda yake so, na cika ta. Sai aka sa dokar hana fita. Ruwan ya zauna a ciki har Litinin, na ɗauraye kwalabe shida da shi, aka tafi da su ɗebo ruwan gwaji a garin Kwadon, inda 'yan gudun hijira ke shan rijiyar burtsatse guda ɗaya tak.

Ran Talata ina goge tebur na ji Malam Bappa ya ce, "Innalillahi. Dakta, zo ki gani."

Duka shidan sun yi ja.

"Ka gwada tataccen ruwa?" in ji ta.

"Na gwada, a sabuwar roba daga leda. Fari tas. Ba maganin ba ne, rijiyar ce."

Dakta ta zauna ta riƙe kai. "To, sai a sa mata kwaɗo yau. Su koma rafi ke nan, da yara, ga gudawa na yawo." Ta jawo takarda ta fara rubuta wa hukuma.

Na tambayi Malam Bappa a hankali, "Jan ƙarfen nan da kuke ta faɗa, irin na mene ne?"

"Irin na wayar lantarki, Inna. Irin na butar nan taki."

Na dubi butar. In na yi shiru, ba wanda zai sani. In na yi magana, a tsammanina kora ce, ga marayu a gida. Na tsaya har ta kai wurin sa hannu. Sai na tuna ni ma na san yadda ake wayar gari a rasa abin da aka dogara da shi. Na ɗauko butar na ajiye a kan takardar.

"Ranki ya daɗe, da wannan na ɗauraye."

Ta dube ni, ta dubi butar. "Inna Asabe! Tun yaushe?"

Na faɗa mata duka, har tsamiyar, ina kuka. Ta tsiyayi sauran ruwan butar, ta ɗiga maganin, ta kunna fitila. Ya fi na kwalaben ja.

Malam Bappa ya hau babur da sababbin robobi, ya bi shingen nan duka zuwa Kwadon. Tun azahar muke zaune, sai bayan la'asar ya dawo. Aka gwada sau uku. Fari, fari, fari. Dakta ta yaga takardar.

"Ba zan kore ki ba," ta ce. "Laifina ne da na ba ki doka ban gaya miki dalilinta ba. Amma butar Malam ta huta a gida."

Don haka ku tambayi dalilin kowace doka, kada ku ji kunya. A ɗakin nan hannun mai wanki shi ne farkon gwaji, kuma can ƙarshensa akwai jariri mai shan ruwa.

Butar tana gindin gadona. Da ita nake alwalar asuba, in yi wa mai ita addu'a. Allah Ya jiƙan Malam Garba.