Hoton Makokin Pan Tien-sung

Ranar Talata tara ga Mayu, 2017, da ƙarfe goma sha biyu saura kwata, na fara ganin Pan Tien-sung. Ya kawo abincin rana ofishin ƙungiyar manoman shayi ta nan Pinglin, inda nake aikin akawu: kwalin shinkafa goma sha ɗaya, da kwanon miya a jakar goyo. Rabin miyar ya ƙare a bayan rigarsa. Na rubuta haka a littafin karɓar kaya, na tambaye shi dalili. Ya ce ba shi ba ne, ƙafar kafe babur ce ta karci kwalta a kwana.

Shekarunsa hamsin da bakwai a lokacin, tsawonsa mita ɗaya da santimita hamsin da takwas. Ya yi shekara talatin yana kai abincin da matarsa Siu-gim ke dafawa, a kan 'yar roba-robarsa mai akwati a baya, bai taɓa zubar da ko cokali ɗaya ba. Abin da ya sauya shi rasuwar yayansa ce. Hoton mamacin da aka kafa a tsakiyar furanni a wurin makoki, wanda duk mai ta'aziyya ya rusuna wa sau uku, na katin shaida ne aka ƙara wa girma: ido a zare, kamar wanda aka kama da kazar maƙwabci. Pan ya yi kwana bakwai yana kallon hoton nan, ya rantse ba za a yi masa haka ba. Nasa hoton a Kwana ta Sha Uku za a ɗauke shi, kan hanyar dutsen da ke gangarawa Yilan, inda masu ɗaukar hoto ke baje kujerunsu Asabar da Lahadi suna jiran samarin Taipei su zo su kwantar da babur, gwiwa tana shafar kwalta. Haka yake so a rusuna masa, a kwance cikin kwana.

Matsalar ita ce da ya ɗan karkata sai ƙafar tsakiya, wadda ake kafe babur a kanta, ta daki ƙasa, tartsatsi ya tashi, babur ya yi tsalle. Sai ya nufi wurin bakanike Yen.

"Yaya Pan, wannan fa ta zuwa cefane ce," in ji Yen. "Wanda ya ƙera ta bai san za ta faɗa hannun ɗan tsere mai furfura ba."

"Kai dai ka goge min gefen ƙafar nan."

"Yaya Siu-gim ta sani?"

"Ita ce za ta hau? Ɗauko injin gugarka, ka rage surutu."

Aka goge, ta ci gaba da karta. Aka cire ta ɗungum. Da ta tafi sai salansa ta gaji aikinta, ta riƙa kartar ƙasa duk kwanar dama. Mai walda ya lanƙwasa ta sama har zafinta ya narka gindin akwatin abinci. Daga nan aka sa dogon shokazoba, aka sauya tayar da ta fi girma. Duk ƙarshen wata Pan yakan roƙe ni in auna masa daga ƙasa zuwa cikin babur da rular ofis. A Yuni santimita goma sha ɗaya ne. A Disamba goma sha bakwai.

Sai ƙafar gefe ta yi gajarta, kuma ita ma tana karta a kwanar hagu. Yen ya cire ta, ya miƙa masa a leda, ya ce, "Ka ajiye, ko jikokinka za su so su ga yadda ake tsayawa a zamanin da."

Daga ranar babur ɗin Pan bai sake tsayuwa da kansa ba. Sai an jingina shi da bango, ko falwaya, ko mutum mai haƙuri. Shi kansa Pan ƙafarsa ta daina kai wa ƙasa; in danja ta tsayar da shi sai ya lallaɓa gefen titi ya nemi dakali da babban yatsa. Mu a ofis ta taga muke karɓar abinci, yana dafe da bango da hannu ɗaya.

Siu-gim ta ce, "Tsoho, mutane suna sayen babur don su huta da tafiya. Kai ka sayi wanda ba a sauka."

"In na mutu za ki gode min."

"In ka mutu ni zan zaɓi hoto, ka san da haka."

Duk wannan hawa, hoton bai samu ba. Wata Lahadi Pan ya jingina babur da dutse, ya je ya tsaya kan Ku, tsohon direban bas da ya koma ɗaukar hoto bayan ritaya, ya ce masa kyamararsa ce ke miƙar da mutane, shi ya sa ba ya fitowa a kwance. Ku bai yi musu ba. Ya tofar da goron bakinsa, ya buɗe masa hotunansa, ɗari huɗu da goma sha biyu, ya ce ya duba da kyau.

Pan ya duba. A kowanne babur ya kwanta har ya ba da tausayi. Mahayin kuwa yana zaune ƙyam, kafaɗa a daidaice, kai a miƙe, kamar mai ɗauke da tulu.

"Ɗan'uwa, babur ɗinka ya daɗe da yarda," in ji Ku. "Kai ne ka ƙi. Dubi yaran nan, jikinsu suke zubawa cikin kwana, babur ya huta. Kai kuwa danna shi kake ƙasa kana gudu sama. Ko tsani ka sa masa sai ya karta. Me kake karewa a bayan nan?"

Pan ya shafa bayansa. Babu komai, ranar Lahadi ce. Amma shekara talatin na goyon miya sun koya wa ƙashin bayansa abin da bakanike ba ya iya cirewa.

Ya koma gida ya fara koyo a kan kujerar kicin, yana zame rabin mazauninsa gefe, gwiwa a buɗe, haɓa wajen kafaɗa. Siu-gim tana yanka kabeji ta dube shi ta ce, "In basir ne ka faɗa min, akwai magani." Ya yi wata biyar a haka. Ya sayi rigar fata, da hular kwano mai rufe fuska da baƙin gilashi irin ta samarin Taipei.

Ranar Lahadi ashirin da ɗaya ga Oktoba, 2018, gwiwar Pan ta shafi kwalta a Kwana ta Sha Uku, babu abin da ya karta, Ku kuma ya kama shi daidai. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Ni ma na gani. Pan ya sa aka wanke shi babba, aka yi masa baƙin firam, ya kawo gida a rungume.

Siu-gim ta goge hannu, ta daɗe tana kallo.

"Wane ne wannan?"

"Wane irin wane ne? Mijinki!"

"Ni hula nake gani. Ina fuskar? Wannan ko ɗan gidan Yen ne wa ya sani? So kake 'yan'uwana su taso tun daga Tainan su rusuna wa kwano?"

Sai a lokacin Pan ya lura. Ya ce ba komai, Lahadi mai zuwa zai maimaita da gilashi a ɗage. Ranar Alhamis, a bakin danjar kasuwa, babur a tsaye cik, yatsansa ya nemi dakali ya rasa. Ya faɗi a hankali, gaban masu sayar da kifi, ƙugunsa ya karye. Likita ya hana shi shan kwana, Siu-gim ta hana shi babur, Yen ya sayar da roba-robar ga wani dogon ɗalibi da ya nemi a mayar mata da ƙafafunta biyu.

Pan ya koma zama a bakin shagon abincin Siu-gim yana ɗaure kwalayen abinci. Hoton yana rataye bayansa, kuma duk wanda ya tsaya sai ya ji labarin wanda ke cikin hular.

Ya rasu ranar shida ga Maris, 2023, bayan jinyar hanta. Siu-gim ta kafa hoton kwanar a tsakiyar furanni. Da ƙanwarta ta yi ƙorafi, ta ce mata aƙalla sunan shago da lambar waya sun fito sarai a jikin akwatin. Mutum ɗari da tamanin da uku suka sa hannu a littafin ta'aziyya. Biyu sun leƙo, sun ga hoton, sun koma waje su tambaya ko nan ne makokin Pan.