Dabarun da Sabi'u Ya Lalata da Hannunsa

Ina bakin gada ranar Juma'a ina feren rake, motocin shanu sun cika hanya, sai Hassana, ƙanwar Sabi'u, ta kira ni ta ce, "Sabi'u ya rasu." Na ce, "Gaya masa bai iya ba, ya sake shiri." Sai na jiyo kukan mata a bayanta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sabi'u ɗan kawuna ne, taubashina, ya girme ni nesa ba kusa ba. Da safe malamin firamare ne a wajen Darki, da yamma kuma marubucin labaran bincike: an kashe wani ko an yi sata, ɗan sandan ciki ya bi sawu har ya gano. A waya yake rubutu da manyan yatsunsa biyu, yana sakin labarin kashi-kashi a guruf, zauren masu karatunsa na waya. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Da na je dubiya cewa na yi, "Bawana, tashi, ƙarshen labari ne ya gagare ka kake fakewa da ciwo." Ya yi dariya har da tari. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ni allo kaɗai na yi. Bokon da nake rubutu da shi yanzu a labaransa na koya, saboda ya ƙi karanta min ƙarshen wani, ya ce in ina so in sani in koyi haɗa baƙi. Duk Sabon Gari an san ni da tsokana, shi kaɗai ya mai da tsokanar tawa aiki. Sai ya zo ya zauna a bencina, ya ɗauki rake bai biya ba, ya ce, "Kai shaiɗanin gidanmu, in kana son ka fita daga ɗaki ka bar sakata a kulle ta ciki, yaya za ka yi?" In na kawo dabara sai mu je mu gwada. Ta sakatar nan da zare muka yi ta a ƙofar shagonsa, ta kuwa yi aiki, na yi ta tsalle. Da labarin ya fito na ga ya canja inda ake ɗaura zaren. Na ce, "Malam, ka yi kuskure, haka ba za ta ja ba." Ya ce, "Na sani. Mamaki nake sayarwa, ba na koyar da sata." Duk dabarar da ta yi aiki sai ya lalata ta kafin ya rubuta, ta yadda mai karatu zai yarda, ɓarawo kuma zai sha wahalar banza.

Ba ya yarda a cuci mai karatu. Yakan ce, "Abin da ɗan sanda ya gani, kowa ma ya gani, sai dai bai lura ba." Kuma bai taɓa kashe mutum a labari bai ba shi uwa ba. Yana cewa, "Gawar ma ɗan wata ce." Na taɓa leƙen zanen buɗe wayarsa, na shiga guruf na rubuta cewa marubucin ne da kansa ya yi kisan, a je a kama shi. Mutane suka yi ta dariya. Ya bi ni da takalmi har bakin masallaci, amma bai canja zanen ba har ya koma ga Allah.

Wannan ne ya sa nauyin ya faɗo kaina. Bayan sadakar uku, babban wansa Yaya Auwalu ya kira ni zaure, ya ajiye wayar a gabana. Ya ce, "Kai ka san yadda ake buɗe ta. Ka goge labaran nan duka, ka roƙi na guruf su ma su goge. Duk wanda ya koyi mugun abu a ciki, ƙanena za a bi da shi har kabari." Kada wani ya zagi Yaya. Shi ya riƙe kan Sabi'u a asibiti.

Na ba shi labarin sakata da zare. Ya dube ni ya ce, "Kai, yau ba ranar wasa ba ce."

Na ce, "Wallahi Yaya ba wasa nake ba."

Ya ce, "Za ka rantse ba ko ɗaya da ya bari mai aiki?"

Ban rantse ba, don akwai waɗanda ya rubuta tun ina yaro. Yaya ya tura min wayar ya ce, "To je ka gwada dabarun ɗaya bayan ɗaya. In duka ba sa yi, a bar wa 'ya'yansa su san ubansu. In ka samu guda mai yi, a goge duka, kada a tsaya zaɓe."

Abin da nake yi ke nan tun ranar. Na gwada buɗe akwati ta wajen maɗaurin baya, na yanke yatsa, akwati bai buɗu ba. Na gwada ƙullin igiyar da aka ce yana kwance kwalekwale bayan mutum ya yi nisa. Na zauna a kan yashi ina kallo, igiya ta ƙi motsi, na kama kuka ina hamdala, masunta suna cewa, "Yau kuma wa ka shirya wa?" Ni da na tashi ina roƙon dabarata ta ci, yanzu roƙo nake ta faɗi.

Akwai guda ɗaya da nake ta tsallakewa, cikin na farko-farkonsa, kan yadda aka sace bijimi daga kara, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwa. Na karanta ta na sake karantawa, kuma idona na ɗan tsokana yana gaya min za ta yi. Matar Sabi'u, Rabi, tana takaba, ta aiko babbar 'yarsu ta tambaye ni ina aka kwana. Na ce ana kai. Na iya ƙarya, kowa shaida ne, kuma in na ce wa Yaya ba ta yi ba, ba mai kama ni. Amma ba ni ne a kwance a ƙasa ba. In ta yi zan faɗa, in goge da wannan yatsan da ya koya wa rubutu.

Ya Allah, ka ga abin da bawanka Sabi'u ya lalata da hannunsa don tsoronka, ka lissafa masa shi. In akwai wadda ta kuɓuce masa yana matashi, ka rufe idon azzalumai daga gare ta, ka yafe masa. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya zuciyar Yaya Auwalu, ka ba Rabi haƙuri, ka raya yaran nan cikin albarka. Ni kuma, ranar da zan shiga kara, ka ba ni ƙarfin faɗin abin da na gani. Amin.