Ranar da Ƙanena Ya Kauce

Ƙanena ya shekara shida yana dakon buhuna a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa kafin ƙwallon Amurka ta shiga ransa, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, wasu su tare mutum su kayar. Ni kokawar masu hular kwano nake ce mata don in tsokane shi.

Gurbin da yake so shi ne wanda suke kira lainbaka: ka tsaya bayan sahun gaba, ka gane inda mai ƙwallo zai ɓullo, ka riga shi isa. Ya ce ba a kallon ido, ido maƙaryaci ne, ƙugu ake kallo. Wannan kam ya iya tun bai san wasan ba. Wanda ya tashi baƙo a ƙasar wasu, a unguwar Waziriyya, babu iƙama, wato takardar zama, daga yadda mota ta rage gudu yake sanin ko ta kame ce.

Wani koci mai tara samari ranar Juma'a bayan la'asar ya ga ƙirarsa, ya kira shi gwaji. In ya ci, za a nema masa kafili, mai tsaya masa a yi takardu. Abin da mahaifinmu ya rasu yana nema ke nan. Na rufe shagona na bi shi.

Aka busa. Mai ƙwallon wani siririn saurayi ne ɗan ƙasa, kuma kafin ya yi taku uku ƙanena ya tsaya a gabansa. Har na miƙe. Sai na ga ya karkata kafaɗa, ya ba shi hanya. Sau uku yana riga shi isa, sau uku yana kaucewa. Kocin ya girgiza kai ya ce halas, an gama.

A hanya na tambaye shi me ya same shi.

"Yaya, in na karya masa haƙarƙari fa? Shurɗa, 'yan sandansu, za su zo. Wa za su fara tambaya iƙama?"

"Ai wasa ne. Don ka kayar aka kira ka."

"Na sani. Jikina ne ya ƙi."

Kunya ce ta kama ni. Tun yana ɗan shekara bakwai, in ɗan ƙasa ya mangare shi a lungu, ni nake murɗe masa kunne in kai shi ya ba da haƙuri. Don ya tsira na yi, ya kuwa tsira. Da safe ya ɗauki gammonsa ya koma sito.